Ranar da Na Kai Inna Sabon Gari Ta Tsaya Mini

Asubar fari muka tashi, ni da Inna, tun zakaran gidanmu bai gama gyara murya ba. Ba wai mota ce za ta tashi a lokacin ba. A 'yan shekarun nan babu direban da ke hawa hanyar Funtuwa sai gari ya waye tangaran, kowa yana ganin tafin hannunsa. Barci ne kawai ya ƙi ni. Inna ta ji ina ta juye-juye, sai ta yi magana daga ɗakinta, ta ce, "Ke, tunda idonki biyu, tashi ki hura wuta."

Haka take kirana, kuma gara in yi muku bayani tun yanzu, don kada mu je gaba ku ce uwata ba ta sona. Ni ce 'yar fari. A ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta ma nuna ta san da zamansa in akwai idon mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar Baba, a can na girma har Allah ya ɗauke ta. In Inna za ta aika a kira ni sai ta ce, "Ku kira waccan." In wata mai irin sunana ta shigo gidan sai ta ce da ita takwarar waccan. Mu Kirista ne tun daga kan kakanmu, amma wannan kunya ko fasto bai taɓa yi mata wa'azi ba, don matarsa ma haka take yi wa nasu ɗan farin. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma abin bai taɓa damuna ba sai ranar nan.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a shafin nan sun san halin da nake ciki. Na gama jami'a a Samaru, na karanci tattalin arzikin noma, na je bautar ƙasa na dawo, sai zama. Maza suna zaman kashe wando, ni ina nan ina kashe zani. Duk tallar aikin da ka gani, a sama an rubuta ana neman waɗanda suka gama karatu yanzu-yanzu, a ƙasa kuma an ce sai wanda ya daɗe yana aikin. To a ina zan daɗe, jama'a? Wasu suka kira ni intabiyu, sai ga shi wai in fara turo kuɗin rajista, na ce su riƙe aikinsu ni ma in riƙe talaucina. Na koyar a wata makarantar kuɗi zango ɗaya, albashin da ƙyar yake kai ni ya dawo da ni.

Ana nan sai wani kamfanin abincin kaji da maganin dabbobi a Sabon Garin Zariya ya nemi mataimakin mai kula da sito, ya ce ko ba ka taɓa aiki ba ka nema. Na nema, na rubuta jarrabawa, manajansu ya yi mini tambayoyi ta waya, aka yi ta tankaɗe da rairaya har muka rage mu biyu, kujerar kuma ɗaya ce. Sai manaja ya ce saura abu guda. Mai kamfanin, wadda kowa ke ce wa Madam, ba ta ba mutum makullin sito sai ta ga uwarsa ko ubansa ido da ido, sun tsaya masa da bakinsu. Wai wanda ya riƙe wurin a baya lodin mota guda ya yi ya ɓace, da aka bi adireshin wanda ya tsaya masa sai aka tarar da kango. Tun daga nan ta daina yarda da takarda.

Baba ya rasu ina aji biyu a jami'a. Saboda haka muka tsara cewa Inna za ta je a ga fuskarta, Kawu kuma, ƙanenta da ke zaune a unguwar Muciya can Zariya, shi zai yi magana. Kawu tsohon malamin makaranta ne, in ya fara yabon mutum sai mutumin ya waiga ya ga ko wani ake nufi a bayansa. Da shi na dogara.

Ɗan acaɓa ya kai mu tashar Malumfashi. Inna tana rungume da ƙullin daddawa da ta yi da hannunta, ta naɗe a ganye, ta sa a leda, ta sake ƙullewa a tsumma. Na ce, "Inna, ofis fa za mu." Ta ce ba a zuwa wurin babba hannu rabbana.  Ƙaramar mota muka samu, huɗu a baya biyu a gaba, kuɗin motar kuwa da na ji sai da na sake tambaya, don lokacin da nake ɗaliba da shi zan je in dawo har in sayo burodi. Kafin mu kai Bakori daddawar nan ta sanar da kowa tana cikin motar. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya sauke gilashi ya ce, "Baiwar Allah, wannan miyar a ina za a yi ta mu biyo?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

Damina ta yi kyau bana, godiya ga Allah. Hagu da dama ana karyar masara, dawa ta fitar da kai, mata suna zaune bakin titi da dafaffiyar gyaɗa a faranti. A Funtuwa muka canza mota. Daga nan zuwa Giwa akwai wurin da hira ke mutuwa da kanta, duk wanda ya saba bin hanyar ya san shi. Direba ya kashe rediyo, masu carbi suka ciro carbinsu, wata mata a gaba ta fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, muna ta faɗa wa ramuka cike da ruwa don ba mai son a rage gudu. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ba dajin nake tsoro ba. Bakin Inna nake tsoro.

Da muka wuce shingen jami'an tsaro, mutane suka fara numfashi, sai na sunkuya kusa da kunnenta. Na ce, "Inna, ko da yake Kawu ne zai yi magana, wataƙila matar ta juyo ta tambaye ki. In ta ce yaya halina, ki ce da kyau. Shi ke nan fa, da kyau." Inna ta leƙa taga ta ce, "Dubi dawar mutanen nan, ta fi tamu kai." Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma me zan yi?

Da hantsi muka wuce Shika muka shigo Samaru. Kai, Samaru! Garin nan bai ma san na tafi ba. Shagunan buga takardu suna nan da injinansu na wuta suna ta kuka, masu doya da ƙwai suna nan inda na bar su, ɗalibai da jakunkuna a baya suna ta zuba magana rabi Hausa rabi Turanci, kowa yana sauri kamar an ajiye masa kujera a wani ofis tana jiransa. Na ji kamar in tare su in gaya musu abin da ke gaba, sai na ce bari yara su ci lokacinsu.

Mun sauka ne don in ga ƙawata, wadda muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta, ta ce za ta ara mini takalmi mai kyan gani. Tana nan bakin titi ƙarƙashin lema tana sana'ar POS. Wannan yarinya ita ce ke koya mana lissafi ana gobe jarrabawa, sakamakonta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ba ta kujerarta, ta sayo mana masa da yaji. Muna ci tana ba ni labarin 'yan ajinmu. Wane yana tuƙa napep, wance tana sayar da turare ta waya, wani yana buga wa ɗalibai aikinsu na kammala karatu, wata ta samu banki amma na kwantiragi ne, kullum tana cikin rana tana farautar masu buɗe asusu. Ba wanda ya zauna, amma kuma ba wanda zai ce maka ya tsaya da ƙafarsa. Masar nan ta yi daɗi.

Na kira Kawu in ce masa ga mu nan tafe. Ina jin ƙarar mota a bayan muryarsa na san akwai matsala. Surukinsa ne ya rasu da asubar nan a Saminaka, suna hanya shi da matarsa, ya yi ta neman wayata muna inda babu sabis. Na yi masa gaisuwa da baki, amma Allah ya sani a zuci kaina nake yi wa. Ya ce, "Kada ki damu, ai Yaya tana nan." Ji Kawu fa, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba! Na kira manaja in roƙi a ɗaga mini zuwa wani satin. Ya ce ba zai yiwu ba, Madam gobe za ta tafi garinsu, yau za ta yanke magana, shi ma ba ya shagon, yana Kano wurin ɗauko kaya.

Ƙawata ta ga yadda fuskata ta koma, ta ja ni gefe. Ta ce akwai wani dattijo a bayan kasuwa, mai furfura da babbar riga mai kyau, hayarsa ake yi, ya zama uban mutane da yawa a garin nan, ka gaya masa sunanka da na garinku kawai, sauran aikin nasa ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na tsaya ina nazari. Ashe kunnen Inna yana wurinmu. Ba ta dube ni ba, ƙawata ta duba, ta ce, "'Yar nan, uban waccan mutuwa ya yi, ba ɓata ya yi ba." Ta miƙe ta ɗauki daddawarta. Kunya ta rufe mu mu biyu, na sa takalmin aro na bi bayanta.

Muka shiga bas ta Sabon Gari. Ta Palladan, ta Hanwa, har Kwangila inda cunkoso ya riƙe mu a ƙarƙashin gada, masu lemo da masu ruwan leda suna cusa hannu ta taga. Ina ta duban agogon waya. Abu biyu ne ke cina: kada mu makara wurin Madam, kada kuma mu wuce la'asar a Zariya, don ba mai hawa hanyar gida da yamma. Muka tsallake layin dogo muka shiga Sabon Gari sosai, inda coci ke kallon masallaci, shagon kayan mota ke jingine da na atamfa, ga Turancin kasuwa yana tashi ta ko'ina. Inna ba ta taɓa zuwa ba. Ta kama bakin gyalena lokacin da za mu tsallaka titi, muna kaiwa ɗaya gefen ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta.

Tun daga nesa hanci ke gaya maka ka iso shagon, warin dusa da garin kifi. Babban ɗaki ne, buhunan abincin kaji an jera su har kusa da rufi, lungu-lungu a tsakaninsu. A kusurwa aka kewaye wani wuri da katako aka yi ofis, katakon ma bai kai sama ba, duk abin da aka faɗa a ciki na waje yana ji. Abokin takarata ya riga mu, yana ciki shi da babansa. Muka zauna a benci muna sauraron yadda ake tsaya wa ɗa. Tabɗi! Mutumin nan ya faro tun daga ranar da aka haifi yaron. Bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa makara ba, ya taɓa tsintar waya ya mayar, malamansa kuka suka yi da zai bar makaranta. Na saci kallon Inna, na ga ta taɓe baki ta kau da kai, irin kallon da take yi wa wanda ya ci abinci a tsaye. 

Aka kira mu. Inna ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ƙi hawa kujera sai da aka matsa mata. Madam babbar mace ce mai tabarau, mutuniyar kudu maso gabashin ƙasar nan, bayan rasuwar mijinta ta zo ta karɓi kasuwancin. Hausar kasuwa take yi, kowa a wurinta namiji ne. Ta yi murmushi ta nuna ni ta ce, "Mama, wannan yaro naka ne?"

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Ta tsohuwa ce."

"Wane tsohuwa?"

"Uwar maigidana. Ita ta yi renonta."

"Amma kai ka haife shi?"

Inna ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Shiru. Madam ta ce, "To, mene ne sunansa?" Shiru ya ƙaru. Na buɗe baki, Madam ta ɗaga mini hannu, ta ce ba ni ta tambaya ba. Ta gyara zama ta sake gwadawa a hankali, kamar mai magana da kurma. "Mama, in na ba shi makullin sito, zai riƙe amana?"

Inna ta ce, "Oho. Sai dai a gwada. Yaran yanzu wa ya san cikinsu."

Wayyo Allah! Ku sani, a ƙauyenmu wannan ita ce amsar mace mai tarbiyya. Da tsofaffin gidanmu suna wurin da sun gyaɗa kai sun ce an haifu. Amma nan ba ƙauyenmu ba ne. Madam ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta juyo gare ni da Turanci, ba faɗa, ba ɗaga murya, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce ita ma uwa ce, kuma ba ta taɓa ganin uwar da ba ta san sunan 'yarta ba. Ko dai hayar matar nan na yi a tasha, ko kuma akwai abin da na aikata a gida da ya sa uwata ba za ta iya sa bakinta a kaina ba, kuma duka biyun ba ta so a sitonta. Na ce al'adarmu ce, ni 'yar fari ce, ina jin kaina ina bayanin da ni ma da wani ne ya yi mini shi a ranar ba lalle in yarda ba. Ta ce ta sha jin labarai a kujerar nan. Ta ce za su kira ni. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san ma'anar za mu kira ka.

Ban san yadda muka tsallaka titi ba. Akwai wata rumfar mai abinci a ɗaya gefen, muka zauna a bencinta, na sayi shinkafa da miya don kada a ce mun tare wuri, ba wanda ya taɓa cokali. Hawaye suka zo mini, na bar su. Ni da ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na faɗi abin da ke raina. Na ce, "Inna, kalma ɗaya fa. Da akuyarki aka tambaye ki da kin faɗi sunanta har da na uwarta. Kin ga ƙawata a ƙarƙashin lema. Ni ko lemar ba ni da ita."  Tana ta kallon ƙullin da ke cinyarta, sai a lokacin na lura ashe daddawar ma ba ta samu bayarwa ba. Can ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ba a komawa gida da gaisuwar mutane. Ke zauna nan."

Na zauna kamar yadda ta ce, har ta kai bakin titi. Sai na ga wani mai napep ya kusa kwashe ta, na tashi na bi ta daga nesa. Ta shiga shagon, ta tuɓe takalma, ta shige ofis. Masu lodi suna can baya, ba wanda ya kula da ni. Na sulale cikin lungun buhuna, na jingina bayana da su daf da katakon, inda akwai 'yar tsaga.

Inna ta ajiye ƙullin a gefen tebur ta ce, "Tana nan?" Madam ta ce, "Babu shi." Inna ta ce, "To a rufe ƙofar." Aka rufe. Sai na ga ta juya wa Madam baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Muryar da ta fito ban san ta da ita ba.

Ta ce, "Ni na haife ta. Ita ce ta farko, a kanta na san ciwon haihuwa. Mu ba ma faɗa ne, ba rashin sani ba ne. Kin ce makulli. Shekarar da ubanta ya kwanta ciwo, ruwa ya ɗauke mana tun dawa ba ta kai ba, rumbunmu a hannunta na bar shi. Ita ke shiga ta auno. Ta zuba wa ƙannenta, ta zuba mini, ta ce ita ta ci a maƙwabta. Na san ba ta ci ba, don ina jin cikinta yana kuka muna kwance. Hatsin nan ya kai mu har sabon amfani. Ban taɓa ce mata sannu ba. In ƙwaya ɗaya ta ɓace a ɗakin nan, ga ni, ƙauyenmu ba ya gudu, ki zo ki kama ni."

 Madam ta ce, "Mama, sunansa fa?"

Inna ta daɗe. Ina ganin kafaɗarta tana hawa tana sauka. Sannan ta faɗa, can ƙasa, da ƙyar na tsinta. Madam ta ce, "Ban ji ba, Mama." Allah sarki, sai da ta maimaita, da ƙarfi wannan karon, ta haɗa da sunan Baba. Ba sai na rubuta muku shi ba, kuna ganinsa kullum a saman shafin nan. Malamai sun kira shi, an kira shi a lasifika ranar yaye ɗalibai, amma ban san haka yake da nauyi ba. Na toshe bakina da gyale don kada kukana ya tona ni.

Na ji Madam ta ja majina, sannan ta kwance ƙullin ta sunsuna, ta ce su ma suna da irinta a garinsu amma wannan ta fi tasu faɗa. Ta ƙwala wa wani mai lodi kira ya je ya nemo ni. Nan fa ido ya raina fata! Na zagaya ta ƙofar baya a guje da takalmin aro, na goge fuska, na shigo ta gaba kamar yanzu na tsallako titi. Inna tana zaune tana kallon ƙasa, kamar ba ita ba. Madam ta ce in fara ranar Litinin, gwajin wata uku, albashin farko ba yawa, in na yi wasa ta san inda za ta je. Na durƙusa na yi godiya. Inna ta ce wa Madam, "A dai riƙa sa mata ido." Wannan karon Madam dariya ta yi.

Ba mu tsaya ba. Takalmin ƙawata ma sai ranar Litinin zan mayar, na kira ta na gaya mata, ta yi ihun da sai da na janye wayar daga kunne. Muka samu motar Funtuwa a Kwangila saura mutum biyu ta cika, ana kiran la'asar muna wuce Samaru. Inna ta sayi burodi ta taga don ƙannena. A wurin nan da hira ke mutuwa, ta sake mutuwa, direba ya sake kashe rediyo, wannan karon da ni aka yi tsoron daji kamar kowa. Daga Zariya har Malumfashi maganar da ta haɗa ni da Inna ɗaya ce: "Ke, matsa, kin danne mini zani."

Rana tana gab da faɗuwa muka shiga gida. Maƙwabta suka taru ana sannu da hanya, ana yaya aka yi. Inna ta ce, "Oho, wai sun ce waccan ta koma Litinin. Ni me na sani a harkar boko."

To 'yan'uwana masu yawo da takardu a jaka, abin da na ɗauko a tafiyar nan ke nan. Na daɗe ina shirya kaina, na haddace amsoshi, na koyi yadda ake zama a kujerar intabiyu, ban taɓa tunanin wata rana aikina zai rataya a bakin wani ba. Ku tambayi mataki na ƙarshe tun da wuri, ku san wanda zai tsaya muku, ku kuma san abin da tsayawar za ta ci masa. Har yanzu gabana yana faɗuwa, don gwaji gwaji ne, kuma yanzu in na yi kuskure ba sunana kaɗai zan ɓata ba. Ku sa ni a addu'a, ku sa ƙawata ma.

Da mutane suka watse, na ɗauki bokiti zan shiga wanka, sai Inna ta ce, "Ke, zo nan." Na zo. Ta kama kafaɗata ta juya ni, ta shiga kakkaɓe mini bayan gyale da tafin hannunta, a hankali, wani farin gari yana tashi. Tun da na laɓe a lungun buhuna a Sabon Gari nake ɗauke da shi, ta gan shi, ta bari sai da muka zo inda babu ido. Ta gama ta ce, "Buhunan mutanen nan akwai gari."